Amsa ga mai tambaya kan gam ɗin da ake liƙe raunin ido da shi

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce ƙusa ta fallatso ta sami yaron shagonka a ido can Kumo, wani kuma ya ce maka ai likitoci ma gam suke sawa, a ɗiga masa Super Glue kafin a kawo shi Gombe. Don girman Allah kada ku kuskura.

Maganar gam gaskiya ce. Na daɗe ina aikin jinya a sashen ido, a gabana ake sawa, kuma tun 1968 likitoci ke amfani da shi. Danginsu ɗaya da na kasuwa, amma na asibiti tsaftatacce ne, bai kai wancan cin nama ba. Ƙaramar huda kawai, wadda ba ta wuce milimita 2 zuwa 3 ba, yake toshewa a fatar nan mai sheƙi ta saman baƙin ido. Sai an kashe zafin idon, likita ya duba ta madubin ƙara girma, ya tsane wurin sarai, sannan ya ɗora ɗan ɗigon da bai kai kan allura ba. Da ya bushe kaushi yake yi yana kartar fatar ido, shi ya sa ake rufa masa 'yar roba mai laushi. Na wucin gadi ne, ya riƙe ruwan idon kafin nama ya haɗe ko a shiga tiyata. In yagewa ce babba, sai ɗinki.

Abin da ya fi damuna da ƙusa, ɓarɓashinta kan shige ciki. Ka liƙe waje, ka kulle ɗaki da ɓarawo a ciki ke nan. Idon ya ruɓe cikin kwanaki. Na kasuwa kuwa, in an ɗiga, gashin ido da fata duk su manne, likita ya ɓata lokaci yana ɓamɓara.

Yanzu dai ku yanke gindin kofin roba mai tsabta, ku kifa a kan idon, bakinsa ya zauna kan ƙashi, ku manna da filasta. Kada a danna, kada a wanke, kada a zare abin da ya maƙale. Ban da nonon mace, ban da tozali, ban da ruwan albasa. Iyayenmu mata akwai saurin kawo waɗannan. Kada ya ci ko ya sha komai, wataƙila a sa masa maganin barci. Ku nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe yau ɗin nan, don an fi so a gyara irin wannan rauni cikin awa 24. Ku kuma tuna musu allurar tetanus.

Allah ya ba shi lafiya.