Amsa: Wane zagi Kurdawa ke yi wa maciya amana?

Ɗan'uwa kalmar da ka ji ɗin nan da kake tambaya "jash" ce, asalinta ɗan jaki kawai take nufi, ko a Larabci ma jahsh ake cewa. Amma fa kar ka ɗauka irin namu ne da in an ce maka jaki ana nufin daƙiƙi, a wajen Kurdawan Iraki zagin ya fi haka ciwo, mutumin da ya karɓi bindiga da albashin Bagadaza ya juya kan 'yan'uwansa shi ne jash, karen farautar gwamnati kenan.

Tun shekarun 1960 aka fara samun su, lokacin Saddam kuwa abin ya ƙazanta, a kisan Anfal na 1988, wato kisan kiyashin da gwamnatinsa ta yi wa Kurdawa, su ke shiga gaba suna nuna wa soja hanyar ƙauyuka saboda sun san duwatsun kamar yunwar cikinsu. Shugabanninsu ana ce musu mustashar, yawanci manyan ƙabila ne. Wasu dai tilas ce ta sa su, gudun aikin soja.

Sai ga shi a boren da Kurdawa suka yi wa Saddam a 1991 da yawansu sun koma ɓangaren Peshmerga, wato mayaƙan Kurdawa, aka yi musu afuwa. Har yau in ka kira Bakurde jash to ka shirya rigima wallahi.