Hukuncin sa suna a binciken da mutum bai yi ba don neman gurbin horon tiyatar ƙashi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni likita ne, ina shirin neman gurbin horon ƙwarewa a tiyatar ƙashi. Guraben kaɗan ne, masu nema kuma da yawa, kuma ana duba yawan binciken da mutum ya wallafa. Ina da takardu biyu. Ta farko ni na tattara bayanan marasa lafiya daga fayil-fayil, wani ya rubuta. Ta biyu abokina ne ya yi aikinsa, muka yi yarjejeniya ya sa sunana, ni ma in sa nasa a nawa. Sannan babban likitan da zai ba ni wasiƙar shaida ya ce in rubuta da kaina ya sa hannu. Wani ya ce mini tunda kowa haka yake yi, kuma na cancanta, babu laifi. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi maka albarka, ɗana. Neman wannan ilimi farilla ce ta kifaya, kuma mutum ya faɗi cancantarsa da bakinsa ya halatta, kamar yadda Annabi Yusufu ya yi. Waɗannan ba sa buƙatar dogon bayani.

Ka haɗa takardun biyu a tambaya ɗaya, alhali hukuncinsu daban ne, kuma abin da ya raba su kalmarka ce: "ni na tattara." A ta farko ka yi aiki. Ƙa'idar da editocin mujallun likitanci na duniya suka shimfiɗa, wadda ta samo asali daga taronsu na birnin Bankuba (Vancouver) na ƙasar Kanada a 1978, ta sa sharaɗi huɗu: ka ba da gudummawa ta gaske wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ka shiga rubutu ko gyaransa, ka amince da kwafin ƙarshe, ka kuma ɗauki alhakin abin da ke ciki. Na farko ya tabbata gare ka. Sauran ukun ka cika su: karɓi rubutun, ka karanta shi karatun mai gyara, ka gwada alƙaluman da abin da ka tattaro. In ka yi haka sunanka halal ne a kanta. Abin da ma'abota sana'a suka saba a kai matsayin sharaɗi yake da shi.

Ta biyu haramun ce, a kanka da abokinka duka. Annabi (SAW) ya ce mai nuna ya ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar mai sanye da tufafi biyu ne na ƙarya, Bukhari da Muslim suka ruwaito. Ka cire ta daga takardun nemanka. In ba a riga an buga ba, ka ce a cire sunanka, kai ma kada ka sa nasa.

Maganar wanda ya ce maka babu laifi kuwa, ba zan wuce ta da sauri ba, domin tana da kamar hujja. Masu faɗinta suna kiyasi ne da abin da malamai da yawa suka yi rangwame a kai, cewa wanda aka danne wa haƙƙinsa, ba shi da hanyar karɓa sai ya ba da wani abu, zunubin yana kan mai karɓa. Sai su ce wannan ma haƙƙinka kake ƙwatowa. Kiyasin bai zauna ba. Rangwamen yana kan haƙƙin da ya riga ya tabbata naka ne, kamar gadonka ko albashinka da aka riƙe. Gurbin nan bai zama naka ba tukuna. Takara ce, kuma kwamitin da aka ɗora wa amanar zaɓe shi ke da hukunci, ba kai ba. Wa ya yanke cewa ka fi sauran cancanta? Kai ne mai ƙara, kai ne kuma alƙali. Sannan a waccan mas'alar akwai azzalumin da kake kuɓuta daga hannunsa, a nan kuwa wanda zai faɗi ba maƙaryacin da ke gabanka ba ne kaɗai, har da mai gaskiyar da ya rubuta takarda ɗaya da guminsa, ka haye kansa da biyu. Shi me ya yi maka? "Kowa na yi" kuma ba ta taɓa halatta komai ba, kuma ba gaskiya ba ce, ga shi kai da kanka zuciyarka ta ƙi natsuwa har ka rubuto. Na san matsin gaskiya ne. A Amurka ma tun 2022 da aka mayar da sakamakon kashin farko na jarrabawar lasisi ci ko faɗuwa kawai, rububin tara takardu ya ƙaru. Amma matsi daban, larura daban. Wanda bai samu gurbi bana ba yana nan likita, yana cin halal ɗinsa, zai sake nema baɗi.

Wasiƙar shaida kuwa, in masu ɗaukar ba su hana ba, babu laifi ka tsara masa, da sharaɗin ya karanta ya yarda, kuma ka rubuta abin da ya gani da idonsa kawai. Shaida ce. Kada ka rubuta ya ga ka ɗaure karaya da ƙarfe alhali riƙe ƙafa ka yi. Kyauta saboda wasiƙar kuma kada ka kai masa.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, shi ya fi damuna. Ranar ganawa za a iya buɗe takardar abokinka a ce ka yi bayanin yadda kuka zaɓi marasa lafiya, sai ƙarya ta nemi ta biyu. Wanda ya wuce wannan ma, fannin da kake so fanni ne da ake rubuta "na duba" cikin dare. Ƙafar da aka sa wa siminti in ta kumbura jini ya kasa wucewa, cikin 'yan sa'o'i tsoka take mutuwa. Likitan da hannunsa ya saba sa suna a kan aikin da bai yi ba, ina jin tsoron ranar da barci zai rinjaye shi ya rubuta ya duba alhali bai tashi ba. Ka yi wa kanka tarbiyya tun yanzu.

Ka yi istihara, ka kuma shawarci iyalinka, domin horon shekaru ne, biyar a Amurka, da kwanan asibiti mai yawa. Sallah kuma ka yi ta kafin ka wanke hannu ka shiga tiyata in lokaci ya yi. In aiki ya tsawaita babu mai karɓar ka, ka haɗa azahar da la'asar ko magariba da isha'i bisa hadisin Ibn Abbas da ke cikin Muslim, ba tare da ka mayar da shi al'ada ba. Abokinka kuma ka gaya masa da taushi, ka ba shi dama ya shigo aikinka na gaba ya yi rabonsa da hannunsa.

Wallahu a'alam.