Direban da ya fito daga kamfani ma yana iya zama ƙofar ɓarawo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Manhajar tsaron kwamfutata ta yi min gargaɗi wai wani direba yana da rauni, alhali daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar na sauko da shi. Me ke faruwa, kuma ya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, kada ka yi wasa da gargaɗin nan. Direba shi ne tafinta tsakanin Windows da na'ura, kamar firinta ko katin sauti. Sauran manhajoji daga bakin ƙofa suke tsayawa, shi kuwa har ƙuryar ɗaki yake shiga, wato cibiyar tsarin da ake kira kanel. Duk wanda ya samu ya juya shi, kwamfutar gaba ɗaya ta zama tasa.

Sa hannun dijital da ke kan direba shaida ce kawai ta wanda ya rubuta shi, ba ta ce babu kuskure a ciki ba. A watan Mayun 2021 masu bincike na kamfanin tsaron kwamfuta SentinelOne suka fallasa rauni a direban Dell mai suna dbutil_2_3.sys, wanda ake rabawa tun 2009. Kowace ƙaramar manhaja tana iya aika masa umarnin ya rubuta abu a ma'adanar kanel, shi kuma ya aikata ba tare da ya tambayi waye ba. Shekara goma sha biyu ana zaune da wannan!

Abin da ya fi damuna shi ne, ba sai kana da direban ba. Masu kutse da nasu suke zuwa: tsohon direba mai rauni amma mai sa hannu na gaske, Windows ta karɓe shi hannu bibbiyu. Haka masu manhajar garkuwa da bayanai ta RobbinHood suka yi da wani direban Gigabyte, suka kashe manhajar tsaro kafin su kulle fayilolin mutane.

Saboda haka sabuntawa kaɗai ba ta isa ba. Ka sabunta ta Windows Update ko shafin kamfanin, sannan ka tabbata tsohon ya fita. Na Dell ɗin nan a babban fayil na Temp yake kwanciya. Waɗannan manhajojin da ke alƙawarin sabunta maka duk direbobi da danna ɗaya, ni dai ba na ba da shawararsu. Kuma ka daina harkar yau da kullum da asusun admin, wato mai cikakken iko a kan kwamfutar, domin sai da izininsa ake ɗora sabon direba.

Daga nan ka buɗe Windows Security, ka shiga Device security, sai Core isolation, ka kunna Memory integrity, wato kariyar da ke tantance abin da ke shiga kanel. A Windows 11, tun sabuntawar 2022, jerin direbobin da Microsoft ta haramta a kunne yake zuwa. Ka duba ko wani bai kashe shi ba. In Memory integrity ya ƙi kunnuwa, zai lissafa maka direbobin da suka hana shi. Su za ka fara sabuntawa ko cirewa.