Me ya bambanta ƙwayoyin jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa da na sauran jiki?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: tunda DNA ɗaya ke cikin kusan kowace ƙwayar jiki, me ya sa jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa ke tace abin da zai shiga, na hanta kuwa ba haka suke ba?

Amsar tana wajen waɗanne ƙwayoyin gado (sassan DNA masu ɗauke da umarnin yin furotin) aka kunna, wato waɗanda ke aiki a cikin ƙwayar jikin. Ƙwayoyin jikin da suka shimfiɗe cikin jijiyar jinin ƙwaƙwalwa suna kunna ƙwayar gado mai suna CLDN5, wanda furotin ɗinsa ke ɗinke tsakaninsu tamau, da SLC2A1 mai shigar da sukari, da ABCB1 mai fitar da magunguna da yawa su koma cikin jini. Shi ya sa wasu magungunan ba sa isa ƙwaƙwalwa. Daga waje, wasu ƙwayoyin jiki da ake kira perisayit sun rungume ƙananan jijiyoyin, ana gane su da ƙwayar gadon PDGFRB da suke kunnawa, sai ƙafafun astrosayit, wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, masu furotin AQP4 da ke kula da ruwa. Perisayit su ne suka fi burge ni: a beraye, in suka yi ƙaranci, shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa yakan fara yoyo.

Nan mutane ke kuskure, su ɗauka abin da aka gani a bera haka yake a mutum. Binciken 2022 kan ƙwaƙwalwar mutane ya nuna tsarin kunnawar ya sha bamban da na bera a wurare da dama. Kuma ganin RNA, wato kwafin da ake yi daga ƙwayar gadon da aka kunna, ba ya tabbatar da yawan furotin. Haka nan, samun ƙwayoyin gado masu alaƙa da cutar Alzheimer a kunne a jijiyoyin ba hujja ba ce cewa su ke haddasa ta.

In abin da ke damunka shanyewar jiki ne da ke maimaituwa a danginku tun ba a tsufa ba, je ka ga likitan ƙwaƙwalwa. Akwai cutar CADASIL da sauyin NOTCH3 ke jawowa, kuma likitan ne zai san ko gwaji ya dace.