Yadda za a fara koya wa 'yan aji ɗaya awon tsawo

Malama, kin tambayi yadda za ki koya wa 'yan aji ɗaya awon tsawo alhali ba su saba da lambobin jikin rula ba. Shawarata ita ce ki fara sa kowane yaro ya auna benci da taƙinsa, sannan ke ma ki auna da naki. Idan suka ga lissafin ya sha bamban saboda hannuwa ba girmansu ɗaya ba, da kansu za su gane amfanin ma'auni guda. Daga nan sai ki kawo sandar mita mai santimita 100, kuma ki sa ido sosai, domin yara da yawa sukan fara awo daga lamba 1 maimakon sifili.