Fawa Sitiyari a Babur Mai Ƙafa Huɗu: Ya Cancanci Ƙarin Kuɗin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, malamai. Ina shirin sayen babur mai ƙafa huɗu don aikin gona da jan ƙaramar tirela. Samfuri ɗaya ne na gani kashi biyu, mai fawa sitiyari da marar shi, kuma mai shi ya fi tsada. Wani ya ce mini gatan ragwaye ne kawai, ƙarin abin lalacewa. Wanne zan ɗauka?

AMSA: Wa'alaikumus salam. Malam, irin aikin da ka faɗa shi ne ainihin wanda aka ƙera na'urar dominsa, don haka in aljihu zai ɗauka, ɗauki mai fawa.

Da farko dai, na waɗannan baburan ba irin na tsofaffin motoci ba ne mai famfo da mai da tiyo. Na lantarki ne, shi ya sa za ka ga an rubuta EPS a jikinsu. A kan sandar da ta sauko daga kan babur zuwa tayoyin gaba akwai sansa mai auna ƙarfin da hannunka ya sa wajen murɗawa. Ita ke aika saƙo ga ƙaramar kwamfuta, kwamfutar ta duba gudun da kake yi, sannan ta ba wata ƙaramar mota ta lantarki umarnin ta taya ka juya sandar ta cikin giya. Idan kana tafiyar hawainiya taimakon yana da yawa, idan ka taka wuta sai ya ragu don kada kan ya yi sako-sako a hannunka. Kamfanonin Yamaha da Honda ne suka fara fito da shi a samfuran 2007, a kan Grizzly 700 da Foreman 500, yau kuwa kusan duk manyan kamfanoni suna da nasu. Can-Am ma har mataki uku ta ba direba ya zaɓi yawan taimakon da yake so.

Babur na aiki yana kai kilo 300 ko kusa da haka tun kafin ka hau. Tayoyinsa masu faɗi ne, iskarsu kuma kaɗan ce, yawanci psi 4 zuwa 7 a ma'aunin iskar taya, wato roba mai yawa ce ke manne da ƙasa. Ka ɗora kilo 40 a kariyar gaba, wato wurin ɗora kaya, ka sa giyar ƙafa huɗu, sannan ka kulle difaranshiyal na gaba, wato giyar da ke barin kowace taya ta juya da gudunta, don fita daga taɓo. Da ka kulle shi, tayoyin gaba biyu dole su juya da gudu ɗaya, alhali a kwana ta waje tana bukatar ta fi ta ciki tafiya. Nan ne kan babur yake yin taurin da sai ka sa kafaɗa. Ka ƙara da yin baya da tirela, inda hannu ɗaya ke kan babur, wuya kuma a waige. Shan kwana sau goma ba komai ba ne. Sau ɗari biyu a wuni ɗaya kuwa, gwiwar hannu ce za ta ba ka labari da dare.

Amma abin da ya fi wannan muhimmanci, wanda dillalai ba su cika faɗa ba, shi ne fizga. Idan tayar gaba ɗaya ta daki kututture ko dutsen da ciyawa ta rufe, duk ƙarfin dukan yana biyo tayarod, ƙarfen da ya haɗa taya da sandar sitiyari, ya hau sanda ya fizge kan babur daga hannunka. A marar fawa babu abin da ke tsakaninka da wannan duka sai wuyan hannu. Ga shi kuma totur ɗin waɗannan baburan da babban yatsan dama ake danna shi, saboda haka fizga ɗaya tana iya sa ka danna wuta ba da niyya ba, a daidai lokacin da kan ya karkace. A mai fawa, motar da giyarta suna shanye kaso mai yawa na dukan kafin ya iso hannu. Mu a wajenmu wannan ne dalili na farko, sauƙin murɗawa na biyu.

Wanda ba ya bukatarsa shi ne mai ƙaramin babur mai jan ƙafa biyu, wanda ke ɗan zagaye a fili mai santsi na rabin awa ba kaya. Wannan ya riƙe kuɗinsa ya sayi hular kwano mai kyau.

Batun lalacewa kuma, mutumin naka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Idan kwamfutar ko sansar ta mutu, a samfura da yawa ba a buɗe ta a gyara, gaba ɗayan na'urar ake canzawa, kuma ba ta da araha. Sai dai ko ta mutu sandar ƙarfe tana nan a haɗe, za ka iya tuƙawa ka koma gida, da ɗan nauyi fiye da na marar fawa tunda yanzu har da giyar motar kake juyawa.

TAMBAYA: Nawa yana da fawa, amma kwanan nan fitilar EPS tana kamawa, kan ya yi tauri, musamman in na kunna fitilu ko na yi amfani da winci, na'urar jan kaya mai igiyar ƙarfe. In na kashe na sake tayarwa sai ya dawo daidai. Bakanike ya ce a canza na'urar. In yarda?

AMSA: Kada ka yarda tukuna. Alamun da ka lissafa na ƙarancin wuta ne, kuma daga batir ake farawa. Na'urar tana jan wuta sosai a lokacin da kake murɗa kai a tsaye, winci kuma ya fi ta ci nesa ba kusa ba. Idan wuta ta faɗi ƙasa da abin da kwamfutar ke so, sai ta janye taimako ta kunna fitila.

Sa mita a kan batir bayan babur ya kwana: lafiyayye zai nuna bolt 12.6 zuwa 12.8. In ka ga 12.2, rabin caji gare shi. Tayar da inji, ka ɗan ba shi wuta, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. In bai kai ba, matsalar tana wajen kwal ɗin caji ko ragileta, ba wajen sitiyari ba. Daga nan kwance kawunan batir ka kankare farin gari ko koren tsatsan da ya taru, ka bi baƙar wayar da ta sauka jikin firam ka ɗaure ta tamau. Duba fiyus ɗin EPS, wanda yawanci na amfiya 30 ne ko 40, ka tabbata bakinsa bai ƙone ba. Sai soket ɗin na'urar kanta: zare shi, in akwai laima ko laka ka busar, ka shafa giris ɗin soket na lantarki ka mayar. Masu wanke babur da injin feshi mai ƙarfi su ne suka fi kawo wannan ciwon, domin ruwa na kutsawa ta bayan roba.

Abu biyu kuma ba lalacewa ba ne. Idan ka danne kan har ƙarshe ka riƙe shi haka, ko kana ta murɗawa cikin laka mai kauri, motar tana zafi, kwamfutar ta rage taimako har ta huce. A baburan Polaris kuma, in ka bar makulli a kunne inji a kashe, na'urar tana kashe kanta bayan minti 5 don kada ta shanye batir. Juya makulli ka sake kunnawa, shi ke nan.

In duk wannan ya fito lafiya fitilar ba ta daina ba, a sa kwamfutar bincike a karanta lambar matsalar kafin a taɓa ko noti ɗaya.

TAMBAYA: Zan iya sa wa tsohon babur ɗina fawa? Na sa masa tayoyi masu inci 28, kan ya yi nauyi ƙwarai.

AMSA: Ana iyawa, akwai kit da ake sayarwa na samfuri-samfuri, mai ɗauke da sabuwar sanda da mota da wayoyi. Amma fara ɗaga gaban da jak. Kama taya ta gefe da gefe ka jijjiga: in akwai wasa, tayarod ne. Kama ta sama da ƙasa: in ta yi ƙwas-ƙwas, boljoyin ne (gaɓar da taya ke lanƙwasawa a kanta) ko boris. Duba bushin sanda ma. Fawa ba ta gyara waɗannan, ɓoye su take yi, hannunka ya daina jin alamar har ranar da ɗaya zai balle. Kuma taya mai inci 28 a babur da aka ƙera da mai 25 tana ƙara wa waɗannan sassan wahala ko da fawa ko babu. Sannan duba littafin babur ka ga yawan wutar da kwal ɗinsa ke bayarwa, domin tsofaffin samfura da dama cajinsu iya fitila da filogi kawai ya isa.