Amsa: Me ya sa mutane suka yi kukan rasuwar Sarkin Zazzau haka?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa jama'a suka girgiza da rasuwar Mai Martaba Alhaji Shehu Idris, alhali kundin tsarin mulki bai ba sarakuna wani iko ba. Ina nan Kaduna ranar, bari in gaya maka abin da na gani.

Ranar Lahadi ce, 20 ga Satumba 2020, ya rasu a asibitin sojoji na 44. Kafin azahar labari ya game gari, motoci suka ɗinke hanyar Zariya, kowa na son ya samu jana'iza. Maƙwabcina, dattijo ɗan asalin Tudun Wada, ya zauna a ƙofar gida yana share hawaye da bakin rawani. Ya ce min tun yana saurayi, in aka ce Sarki, mutum ɗaya yake nufi.

Ai nan zancen yake. Tun 1975 yake kan karaga, bayan Sarki Muhammadu Aminu. Shekara 45 ke nan. Gwamnonin soja da na farar hula sun zo sun wuce, an cire Katsina daga jihar Kaduna a 1987, an sha rikice-rikice, shi yana nan. Wanda aka haifa shekarar naɗinsa yau wani har ya aurar da 'ya. A ganina abin da mutane suka yi wa kuka ke nan, tare da haƙurinsa da rashin yawan magana, waɗanda kowa ya yi ta ambata a zaman makoki.

Daga baya aka naɗa Ambasada Ahmed Nuhu Bamalli na gidan Mallawa, ɗaya daga cikin gidajen sarautar Zazzau. Allah ya jiƙan Sarki Shehu, ya sa Aljanna ce makomarsa.